Yaƙin Ayawaso: Yadda Rikicin Toshe Hanya Ya Cinye Tsohon Birnin Ankara

Duk wanda ya taɓa bin layin jefa ƙuri'a a Nima ko Maamobi ya san sunan Ayawaso, domin shi ne a jikin fastocin 'yan takara da ƙofar ofishin hukuma. Nima tana cikin mazaɓar Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana cikin ta Arewa, Kokomlemle da ke jikin Circle kuma tana cikin ta Tsakiya. Idan mutum ya hau mota daga Circle ya nufi Kaneshie, to ya shiga mazaɓar Okaikwei. Kullum waɗannan sunaye biyu suna bakinmu, amma kaɗan ne a cikinmu 'yan kasuwa za su iya gaya maka cewa na farkon sunan birni ne da aka ƙone, na biyun kuma sunan sarkin da ya rasa ransa sa'ad da aka ci birnin. Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wannan yaƙi a wannan fili shi ne, tushensa rikici ne na hanya da kasuwa da la'ada, wato irin abin da muke kwana muna tashi da shi tun daga Aflao har Paga.

Birnin dillalai

Tsohon Ayawaso yana can kan hanyar Nsawam, wajen Pokuase da Amasaman, kimanin mil 11 daga bakin teku. Nan ne fadar sarakunan Ankarawa, wato ƙabilar Ga, har zuwa ƙarni na 17. Turawan wancan zamani suna kiransa Babbar Ankara, garuruwan masunta da ke bakin ruwa kuma, inda Jamestown da Ussher Town suke a yau, su ne Ƙaramar Ankara. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Legon sun yi tono a tudun da ake kira da sunan Okaikoi, inda suka fito da fasassun tukwane da lofen shan taba da duwatsun ado da kayan Turai, abin da ya nuna cewa gari ne babba mai hada-hada.

Ƙasar Ankara ba ta da ramin zinariya. Abin da Allah Ya ba ta shi ne gishiri da kifi da kuma bakin teku. Zinariyar da ta ja hankalin Turawa daga cikin daji take fitowa, daga ƙasar Akyem da bayanta. Saboda ita ne Turawan Holan suka gina gidan cinikinsu mai ganuwa da igwa a 1649, wanda yau ake kira Ussher Fort, Turawan Danmak suka kafa nasu a Osu a 1661, wato Christiansborg da muke kira Kasul, su kuma Turawan Ingila suka gina James Fort a 1673. Gidaje uku ke nan na ƙasashe uku masu kishi da juna a ɗan tsakanin da mutum zai taka da ƙafa kafin hantsi. Kowanne yana biyan sarkin Ankara kuɗin ƙasa duk wata, kuma akwai takarda da aka rubuta a kan haka. Mai karatu ya riƙe zancen wannan takarda, domin za ta sha canza hannu.

To, ta yaya mutanen da ba su da zinariya suka zama su ne masu sayar da ita? Amsar tana wata kasuwa da ake kira Abonse, gaba kaɗan da Ayawaso ta arewa. Rubuce-rubucen Turawan Holan na wancan ƙarni sun nuna cewa sarkin Ankara ya hana fataken cikin ƙasa ratsa ƙasarsa su isa bakin teku. A Abonse za su sauke kaya. Nan dillalan Ankara za su tarye su da yadi da sandunan ƙarfe da tasoshin tagulla da barasa da gishiri, su karɓi garin zinariya, su ne kuma za su gangara da shi wurin Bature. Mai kawo kaya bai taɓa ganin mai saye ba, mai saye bai taɓa ganin mai kawowa ba, farashin nan da na can duk a hannun mutum ɗaya suke.

Mu da muka tashi a gidajen saukar baƙi ba za mu zargi dillanci ba, don da shi aka ciyar da yawancinmu. Maigida a zango yana ba baƙo masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan mai saye ya ci bashi ya gudu, la'adarsa kuma halalinsa ce. Amma a zango baƙo yana da zaɓi, in bai ji daɗin wannan maigida ba, baɗi sai ya sauka a wani gida. A Abonse babu wannan zaɓin, saboda dokar sarki ce ta tsare hanya, da masu makami a bayanta. A wurin mutanen cikin daji, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maƙwabcin da ke bayan gida

Mutanen Akwamu masu jin harshen Twi ne, fadarsu kuma tana Nyanoase kusa da Nsawam ta yanzu. Wato dai suna zaune daidai kan hanyoyin da ke shigowa Ankara daga arewa. Da farko ƙarƙashin inuwar Ankara suke, suna cin abin da ya faɗo daga fataken da ke wucewa, amma tun cikin shekarun 1640 suka gane cewa su ma suna iya rufe hanya ta nasu ɓangaren, suka kuma gwada, har sai da aka lallashe su. Kafin shekara talatin ta zagayo sun haɗiye ƙananan garuruwan da ke kewaye da su, sun tara mayaƙa, sun kuma tara bindigogi. Irin bindigar nan ce ta toka da mafarautanmu ke riƙewa har gobe, wadda Turawan Ingila suka laƙaba wa sunan mutanen Danmak saboda yawan sayar da ita da suka yi a wannan gaɓa.

Tarihin baka na Ankarawa, kamar yadda Carl Christian Reindorf ya tattara a littafinsa na tarihin Gold Coast da Asante da aka buga a 1895, ya ba da wani dalili na daban. An ce wani ɗan sarautar Akwamu mai suna Odei yana zaune a fadar Sarki Okaikoi don koyon sarauta, sai aka yi masa kaciya bisa al'adar Ga. A wurin mutanen Akan kuwa na wancan lokaci, wanda aka yanka wani abu a jikinsa ba ya hawa kujerar sarauta. Akwamu suka ce a mayar musu da ɗansu yadda suka kawo shi, abin da kowa ya san ba mai yiwuwa ba ne. Reindorf, wanda shi kansa Ba'ankare ne kuma limamin coci, ya ce a wani wuri da ake kira Nyantrabi aka gwabza, ya kuma sa shekarar 1660. Amma takardun kamfanonin Turawa da ke bakin teku a lokacin sun nuna 1677, kuma wannan ce shekarar da masana irin su Ivor Wilks suka tsaya a kai.

A ganinmu labarin kaciyar yana iya zama gaskiya, amma ruwa ba ya tsami banza. Sarkin da ke neman diyyar ɗansa yakan karɓi zinariya ya koma gida. Shi kuwa Ansa Sasraku, Sarkin Akwamu, da ya ci Ayawaso bai koma ba, sai da ya bi hanya har bakin ruwa, ya kuma ci gaba da yaƙi shekara huɗu har ya ga ƙofofin gidajen Turawa uku sun zama nasa.

Yadda aka yi ranar yaƙin, bakin Ankarawa da na Turawa sun sha bamban. Abin da aka haɗu a kai shi ne, rundunar Okaikoi ta karye, an shiga birni an ƙone, sarki kuma bai tsira ba. Rahoton Turawa ya ce kama shi aka yi aka fille masa kai tare da babban ɗansa. Tarihin baka kuwa ya ce wasu manyan sarakunan yaƙinsa ne suka haɗa baki da abokan gaba, saboda sun gaji da zafin mulkinsa da na mahaifiyarsa Dode Akabi da ta riƙe sarauta kafinsa, shi kuma da ya ga an ci amanarsa sai ya tsine wa waɗanda suka bashe shi, ya kashe kansa. Har yau idan rikicin sarauta ya tashi a Ga Mashie, za ka ji dattawa suna tuno wannan baki na Okaikoi.

Wani ɗansa mai suna Ofori ya tsere zuwa bakin teku da sauran jama'a, ya fake ƙarƙashin igwar Turawan Danmak a Osu. Da Akwamu suka biyo shi, igwa ta kore su. Sai suka juya gabas suka ci ƙasar Ladoku ta mutanen Adangme a 1679, suka yi wa Ankara zobe. Ana wata ga wata, a cikin wannan shekarar ce wani ma'aikacin gidan Osu, mutumin Girka, ya kashe gwamnan Danmak ya sayar da gidan ga Turawan Fotugal. Inuwar da Ofori ke ciki ta gushe dare ɗaya. Su kuwa Holan da Ingila, lissafinsu bai wuce ɗaya ba, wa ke riƙe da hanyar da zinariya ke biyowa? Tun da amsar ta zama Akwamu, ba wanda ya ga dalilin ƙona albarushinsa saboda ɗan tsohon mai gidan haya. Tsakanin 1680 da 1681 Akwamu suka ci Ƙaramar Ankara da Osu.

Waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin sabon mulki suka bi gaɓar teku gabas, suka haye kogin Volta, suka wuce inda Aflao da Lome suke a yau, suka kafa Glidji kusa da Aneho a ƙasar Togo ta yanzu. Su ne ake kira Gen, kuma daga Ga sunan ya samo asali. Sun ɗauki harshen mutanen da suka tarar, suka gauraya da waɗanda suka zo daga Elmina, aka sami abin da muke kira Mina. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya taɓa taya atamfa a babbar kasuwar Lome da ɗan guntun Mina da ya tsinta a hanya, da harshen jikokin 'yan gudun hijirar Ayawaso ya yi ciniki.

Abin da mai nasara ya yi da nasararsa

Wanda zai yi zaton Akwamu za su buɗe hanya ga kowa tun da sun ɗanɗani zafin rufe ta, to bai san halin mai riƙe da ƙofa ba. Takardun kuɗin ƙasa suka koma hannun Sarkin Akwamu, shingen da ke Abonse kuma aka matsar da shi gaba. Yanzu mutanen Akyem ne ake tarewa, musamman a kan bindiga da albarushi, don Akwamu sun san da me suka ci Ayawaso. Abu mafi muni shi ne, a zamaninsu cinikin Ankara ya karkata daga zinariya zuwa bayi. A 1702 rundunarsu ta kai har Ouidah a ƙasar Benin ta yanzu. A zamanin Sarki Akwonno, wanda ya yi mulki daga 1702 zuwa 1725, samarin fada suka riƙa kama talakawan ƙasarsu da kansu suna kaiwa bakin teku.

A cikin wannan zamani ne aka yi wani abu da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani, don ɗan'uwanmu ne a sana'a ya aikata shi. Asameni mutumin Akwamu ne da ya yi aiki a wurin Turawa har ya ji harshensu, daga baya ya zama mai kawo musu fatake. A lokacin Danmak sun karɓi gidansu na Osu tun 1683, amma ma'aikatansu kaɗan ne, ciwo kuma ya ci ƙarfinsu. Asameni ya san wannan sarai, domin kullum yana ciki. A 1693 ya zo da mutum kusan 80 a matsayin masu sayen bindiga. Al'ada ce a bar mai saye ya gwada bindiga da albarushi kafin ya biya. Su kuwa sun ɓoyo harsashi a cikin tufafinsu. Kafin Turawa su farga, bakin bindigogin da suke tallatawa ya juyo kansu. Gwamna ya tsira da rauni, ya gudu wurin Turawan Holan.

Asameni ya sa tufafin gwamna, ya kafa tutarsa, ya zauna kusan shekara guda yana ciniki da duk jirgin da ya tsaya, yana kuma sa a buga igwa don girmama baƙinsa. A 1694 aka daidaita, Danmak suka fanshi gidansu da zinariya oza 400. Amma makullan gidan bai mayar ba. Suna nan a fadar Akwamufie cikin kayan sarauta. Wannan gida shi ne daga baya ya zama mazaunin gwamnan Ingila, sannan fadar shugabannin Ghana har zuwa 2013, ga shi kuwa tsofaffin makullansa suna hannun wasu a can bakin Volta.

A 1730 ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Mutanen Akyem da aka daɗe ana tarewa suka haɗa kai da Ankarawa da mutanen tuddan Akuapem, suka rusa Nyanoase. Ragowar Akwamu suka haye Volta suka kafa Akwamufie, kusa da inda madatsar Akosombo take a yau. Takardun kuɗin ƙasa suka koma Akyem. Shekara 12 kacal suka yi da su, domin a 1742 Opoku Ware, Sarkin Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ya ci Akyem ya wuce da takardun Kumasi. Bature bai taɓa fasa biya ba, sunan mai karɓa kawai yake canzawa a littafinsa.

Sai a ranar 7 ga Agusta 1826 aka karya wannan sarƙa, a yaƙin Katamanso kusa da Dodowa, inda Ankarawa da Fante da Akyem da Akuapem, da taimakon Ingila da Danmak, suka kori rundunar Osei Yaw Akoto. Abin mamaki, a wannan rana Akwamu suna sahu ɗaya da Ankarawa. Yarjejeniyar sulhu ta 1831 da George Maclean ya jagoranta ta tanadi cewa hanyoyi su zama a buɗe ga duk mai halastaccen ciniki.

Ba a nan kaɗai ba

Don kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na baƙar fata ne, bari mu leƙa can ƙasar Rasha, shekara ɗari biyu kafin Ayawaso. Akwai wani birni mai suna Novgorod wanda shi ma dillanci ne arzikinsa. Fatu masu gashi da kakin zuma suna fitowa daga cikin ƙasa, fataken Jamus kuma suna da nasu zango mai katanga a cikin birnin, suna kawo yadi da gishiri da azurfa. A bayansa akwai Mosko mai tasowa, a gefe kuma akwai daular Lituwaniya. Da Novgorod ta ga Mosko ta matso, sai ta nemi kariyar Casimir, Sarkin Folan da Lituwaniya. Ranar da aka gwabza a bakin kogin Shelon a 1471, taimakon bai zo ba, kamar dai yadda Ofori ya waiwaya bai ga kowa ba. A 1478 Ivan na Uku ya haɗiye birnin, a 1494 kuma ya rufe zangon Jamusawa ya tsare fatakensu. Daga nan ya juya kan Lituwaniya kanta, aka haɗu a kogin Vedrosha ranar 14 ga Yuli 1500, inda aka karya rundunarta aka kama babban kwamandanta Konstantin Ostrogski, kuma a sulhun 1503 ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta. An sake buɗe zangon Jamusawa a 1514, amma ciniki ya riga ya koma wasu garuruwa.

Abonse ɗin kakanninmu

Idan muka dawo gida, mu ma an taɓa tsayar da mu a irin wannan shinge, kuma sunansa Salaga. Bayan Opoku Ware ya gama da Akyem ya juya arewa ya ci Gwanja da Dagomba a tsakiyar shekarun 1740. A ƙarni na 19 ayarin Kano da Katsina da Sakkwato kan yi wata da watanni a hanya da jakuna, su kawo kanwa da baƙin yadi da fatu da dabbobi, da bayi ma, don gaskiya ba ta ɓuya, su koma da goro. Amma bishiyar goro tana cikin dajin Asante, kuma Tonawa ba su yarda madugu ya kai ayarinsa gindinta ba. A Salaga za a tsaya, 'yan kasuwar sarki su fara sayar da nasu kafin na kowa.

A 1874 Ingila ta ƙone Kumasi, Gwanja ta yi tawaye, Tonawa kuma suka mayar da martani da hana goro zuwa Salaga, suka karkata shi Kintampo. Yaƙin basasar sarautar Kpembe na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Fatake da malamai suka watse, wasu Kete Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu can a 1934, wasu Yeji da Kintampo, wasu kuma suka gangaro kudu, inda aka fara loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. A Ankara sun tarar da 'yan'uwa, tsofaffin sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko don yaƙin 1874, da jama'ar Malam Naino da ya sami filin Zangon Malam a 1881. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, Malam Amadu Futa kuma ya kafa Nima a 1931. Duk filayen nan daga hannun Ankarawa aka same su, jikokin mutanen da su ma gudun yaƙi ne ya tara su a bakin teku.

Yau ba a zuwa da bindigar toka, da takardar doka da kwaɗo ake zuwa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, kuma babu zangon da bai yi kuka ba. A 1983 Nijeriya ta Shagari ta rama a kan 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, manyan motocin Ghana suka yi ta jibgewa a Seme da kaya a ciki. A daidai wannan tsakani ne aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya masu sayar da wayar salula a Tip Toe Lane da ke Circle, inda ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta kafa hujja da dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe cinikin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe kamfanin saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Ghana 20 aiki. Duk wannan yana faruwa ne a birnin da aka buɗe hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a 2020.

Ba mu ce ɗan kasuwar Ghana ba shi da abin kuka ba. Wanda ya ci bashin banki da ruwa mai tsada ya kama shago, ya wayi gari maƙwabcinsa yana sayarwa ƙasa da kuɗin da shi ya saro, dole ransa ya ɓaci, dillalin Abonse ma haka zai ji. Amma mu 'yan zango mun fi kowa shiga tsaka mai wuya a irin wannan rikici, domin mutum yana da katin Ghana, kakansa a Sabon Zango aka binne shi, amma da zarar an ji Hausa a bakinsa sai a tambaye shi takarda, in ya isa Seme ko Illela kuma a ce masa ɗan Ghana. Shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan zango ya kamata a ce suna kan teburin da ake tattauna irin waɗannan dokoki tun kafin a sa hannu, ba sai an rataya kwaɗo a fara neman wanda ya san wani ba.

A ranar 1 ga Yuli 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie, akasarinsu mutanenmu ne da 'yan'uwanmu na Nijar, aka mayar da su Adjen Kotoku, can bayan Amasaman a kan hanyar Nsawam. An yi ta ƙorafin nisa da kuɗin mota da rashin rumfuna, wasu ma suka nemi wani wurin. Motar da ta ɗauko albasar Galmi ta biyo ta Paga da Kumasi takan wuce Nsawam, gefen tudun Nyanoase, ta sauke kaya kafin ta kai Pokuase, daga nan kuma ƙananan motoci su ƙarasa da buhunan cikin gari.